Rijiya a Tsakiyar Teku

Na san abin da ake faɗa a gidan nan game da shekarar da Inna ta rasu. Ba a gabana ake faɗa ba, amma katangar ɗakina ta ƙasa ce, kunnena kuma bai tsufa kamar gwiwoyina ba. Ana cewa Baba ya ga gari ya ɗauki zafi, ya sayar da injinsa na ban ruwa, ya tafi shan iska bakin teku, ya bar mace da yara da tsohuwa a cikin harbe-harbe. Rabin maganar gaskiya ce. Na sayar da injin, na tafi, kuma da na dawo na tarar an binne uwata. Ɗaya rabin ne ban taɓa zama na ba ku ba, domin ni mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa, inda ba a koyon hira. Yanzu da likita ya hana ni ɗaga ko da cikakkiyar buta, na ce bari in rubuta, kowa ya yanke hukuncinsa da cikakken labari a hannu. Kai Isa, da yake kai ne babba, kuma kai ne abin ya fi faɗa wa, kai na fi nufi.

Haƙar rijiya sana'ar mutum biyu ce. Ɗaya yana ƙasa da dagi da guntun shebur, ɗaya yana sama da igiya. Na ƙasa ake yaba wa in ruwa ya fito, amma ransa yana hannun na sama. Nawa na saman shi ne Maina, mutumin Karai-karai, mai ƙaton wuya da ƙarancin magana, wanda in ka ba shi goro ɗaya sai ya yi kwana biyu yana cinsa. Fiye da shekara ashirin muna tare, daga unguwar Yerimaram a nan Potiskum har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Muna da yarenmu na igiya: ja ɗaya, tsaya, ja biyu, ɗauke guga, ja uku, fito da ni. Wata safiya muna aiki a wani ƙauye gabas da gari, ina can ƙasa gaba ashirin, na cika guga na ja sau biyu. Shiru. Na sake ja. Sai na ji wata ƙara daga sama, can nesa, kamar mata suna sussuka. Kafin in gane, igiyar gaba ɗayanta ta sulalo ta zube a kaina, har ƙarshenta da Maina yake naɗewa a hannu. Na tsaya a cikin laka, na ɗaga kai, sama ta zama ɗan farin abu kamar faifai. Allah Ya yafe mini, tun daga hantsi har la'asar zagin Maina nake yi. Na ce ya ji bindiga ya jefar da ni ya gudu. Da la'asar wasu Fulani suka ji muryata suka zuro tasu igiyar. Da na fito, ga gawar Maina kwance taku uku daga bakin rijiyar. Wata mata da ta ɓuya a cikin rumbu ta gaya mini abin da ta gani. Da yaran nan suka shigo da bindigogi, kowa ya watse, shi bai gudu ba. Ya tura igiyar ciki, ya shure tarin ƙasar da muka fitar, ya ja zana ya rufe rabin bakin, don kada su ga alamar akwai mutum a ƙasa su leƙa.

Tun daga ranar na kasa shiga rijiya. Ba ƙin shiga na yi ba, kasawa na yi. In na zura ƙafa ɗaya sai gumi ya karyo mini, ƙirjina ya ɗaure, hannuna ya ƙi riƙe komai. Abin ya wuce rijiya: ɗaki in an rufe ƙofa ba na iya zama, masallaci sai sahun baya kusa da ƙofa, keke mai ƙafa uku in ya cika sai in ce a sauke ni. An yi mini tofi, na sha rubutu har na ƙoshi, asibiti suka ba ni ƙwayoyin da suka mayar da ni kamar buhun gero. Wata takwas ina zaune a tsakar gida. Uwarku ce ta riƙe mu da tuyar awara, ni da mutane suke layi a ƙofata tun kafin damina ta ɗauke. Ba yunwa ce ta fi cin raina ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga wani yaro da na koya wa riƙon dagi ya wuce da igiya a kafaɗa, ya gaishe ni da irin muryar da ake gaida mara lafiya.

A lokacin akwai wani abokina a unguwar Dogo Nini, Oga Okon, mutumin kudu, Kirista, wanda ya yi aiki a ofishin ruwa har ya yi ritaya a garin nan. Aiki ne ya haɗa mu: shi da takarda da awo, ni da hanci da tafin ƙafa, kuma sau da yawa ni nake cin gardamar. Injiniya yake ce mini don tsokana. A shekarar mutanensu suna ta barin gari, shi ma ya fara ɗaure kaya. Na je yi masa sallama, na ƙi shiga ɗaki, muka zauna a baranda a kan katon, kwalin da ya zuba kaya a ciki. Ya daɗe yana kallona.

"Injiniya," ya ce, "wannan ciwo naka ba na asibiti ba ne. A wurinmu in mutum ya ga abin da ya fi ƙarfin idonsa, bakin teku ake kai shi ya zauna. Kai rami ya cinye ka. Je ka ga wurin da babu bango."

"Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba? Me zan yi da ruwan da ba a sha?"

"Ana sha mana. Ina saurayi na yi aiki a Saliyo. Akwai tsibiri, teku ta kewaye shi ko'ina, gishiri zalla. A tsakiyarsa rijiya, ruwa mai daɗi. Kuma ruwan yana hawa yana sauka sau biyu a rana, ba wanda ya ɗiba, ba wanda ya zuba."

Na ce masa ƙarya yake yi. Haka na faɗa, a gidansa, yana shirin barin gari. Na ce rijiya tana cika da damina, tana ja da rani, wannan na sani, ubana ma ya sani. Amma rijiyar da za ta hau da safe ta sauka da rana, sai dai in ya sha wani abu ranar da ya gan ta. Ya yi dariya har yana buga katon. Na koma gida da fushi, kuma a karo na farko cikin wata takwas na yini ina tunanin wani abu da ba Maina ba.

Washegari na koma. Ya tono littafin taswirar 'ya'yansa daga cikin kaya, muka baje shi a baranda. Nan na fara ganin yadda Allah Ya yi duniya, na ji kunyar kaina. Ashe shuɗin nan da ya mamaye takarda duk ruwa ne, ƙasar da muke ta kashe juna a kanta ita ce 'yar kaɗan. Na nemi Potiskum, sai da Okon ya sa tabarau. Tsibirai kuwa ga su nan barbaje, wasu da ƙyar aka samu wurin rubuta sunansu. Kwana biyar muna wannan zama, kullum bayan azahar, in tashi kafin dokar hana fita ta kama ni. Okon ya ce kada in ɗauki maganarsa kawai, in zaɓa da kaina, tunda ƙafata ce za ta je kuma aljihuna ne zai ji a jikinsa. Ya fara nuna mini Zanzibar, ya ce Musulmi ne, akwai masallatai, akwai farin yashi. Raina ya biya, har na fara maimaita sunan. Sai ya ce jirgin sama ake hawa. Na tambaye shi ko ana buɗe taga, ya ce ko ƙofa ba a buɗewa sai an sauka. Na ce a wuce, ko kyauta ne ban iya ba, balle ba kyauta ba. Ya nuna wasu can yamma a tsakiyar ruwa, ya ce su ma jirgi, kuma busassu ne, ruwan sama yana yi musu wuya. Na ce in busasshiyar ƙasa nake nema ai ina cikinta. Ya nuna wasu biyu kusa da gida, kudu da Kalaba, kore shar, ya ce duwatsu ne da daji, ruwa yana gangarowa daga tsauni ko'ina, amma sai da biza, kuma harshensu ko shi ba ya ji. Na ce mutanen da ƙorama take bi ta ƙofar gidansu me za su sani game da rijiya?

"Kai wane irin ɗan yawon buɗe ido ne?" in ji Okon. "Turawa suna tambayar otal da yashi da kifi. Kai rijiya."

"Kowa da abin da ya kai shi. Ni sharaɗina uku. In je ta ƙasa, a bayan buɗaɗɗiyar mota. In samu inda zan yi salla a ba ni tabarma. Sannan in ga wannan ƙaryar taka da idona."

Ya ce to, in haka ne tsibirin da ya dace da ni ba mai tsauni ba ne, shimfiɗaɗɗe ne na yashi, kuma irinsu ba su da otal balle su ci mini kuɗi. Ya ɗora yatsa a gaɓar Saliyo, a kan wasu ɗige-ɗige da na ɗauka ƙuda ne ya ɓata takardar. Masunta ne, ya ce, yawancinsu Musulmi, suna jin irin Turancin kasuwa da na ɗan tsinta a kara wajen masu sayen shanu. Ba biza, takardar tafiya ta ƙasashen yankinmu da katin rigakafi sun isa. Hanya ce mai tsawo, amma duk garin da na sauka in tambayi zango, ba zan rasa Bahaushe ba. Ya yage shafin daga littafin ya ninke ya ba ni. Bayan kwana uku ya bar Potiskum, ban sake ganinsa ba.

A gida aka yi ta. Yaya Garba, wana, ya zo har tsakar gida da sandarsa.

"Audu, mai hankali in ya samu kuɗin tafiya Makka yake nufa. Kai za ka sayar da injin ban ruwa da raguna ka je kallon rijiya? Wacce ce ba ka gani ba? Gari yana ci da wuta, Inna ta tsufa. In ka fita, me za mu ce wa mutane?"

Gaskiya ya faɗa. Kai Isa, kana da shekara ashirin da biyu, ka ce in dai dole ne sai ka bi ni, ka tuna mini cewa ni na koya maka mai haƙa ba ya tafiya shi kaɗai. Na ce a'a, dole namiji ya zauna a gida. Na ga yadda fuskarka ta yi. Inna tana ɗakinta tana jin komai, da na je na tsugunna a bakin ƙofa sai ta ce da yarenmu na Ngizim in je, amma kada in daɗe. Wadda ta yanke maganar uwarku ce. Tana tsame awara daga mai, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, ka tafi. Wanda yake zaune a tsakar gidan nan wata takwas ban san shi ba. In teku za ta dawo mini da mijina, je ka. In ba za ta dawo da shi ba, aƙalla na san an gwada."

Na fita a saman tirelar shanu, a kan katakon da makiyaya suke zama, iska tana dukana har Legas. Kowane shinge aka ga Yobe a katina sai a sauke ni, a zazzage jakata, a tambaye ni me wannan taswirar take nufi. Ka gwada gaya wa soja mai bindiga cewa za ka je duba rijiya a cikin teku. Amma da na tsallaka iyaka sai wani abin mamaki ya same ni: ba wanda ya san Potiskum. In faɗi sunan, mutum ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa. Da farko na ji haushi, daga baya na ji kamar an sauke mini kaya. A Lome na fara ganin teku sosai. Motarmu ta biyo wata hanya, gidaje suka ƙare a hannun hagu, sai kawai duniya ta buɗe. Na buga jikin motar na ce a tsaya. Na taka yashi na isa bakin ruwan, na tsaya. Ba ƙarshe. Ido yana tafiya yana tafiya har ya gaji, ba katanga, ba bishiya, ba tudu. Ga ƙara kuma, ruwa yana tasowa ya fi tsayina, ya faɗi, ya koma, ya sake tasowa, ba mai tura shi. Ni da na sha yin wata biyu ina fasa dutse don in samu abin da zai cika guga. Ban san lokacin da na fara kabbara da ƙarfi ba, sai da direba ya zo ya ja ni yana cewa fasinja suna jira. Daga nan zango zuwa zango, Accra, Abijan, Monrobiya, motar albasa, motar goro, barandar masallaci. Kwana ashirin da uku kafin in isa garin masuntan da ake hawa kwale-kwale.

Tsibirin, da muka hango shi, kamar tabarma aka shimfiɗa a kan ruwa aka kakkafa bishiyoyin kwakwa. Na rantse muku tudun da ke bayan gidanmu ya fi shi tsayi. Cikin rabin sa'a mutum zai zagaye shi. Aka kai ni wurin limaminsu, wani tsoho siriri da ake kira Pa Alimami. Na yi masa sallama ya amsa, wannan dai harshenmu ɗaya. Da hannu da guntun Turanci na gaya masa sana'ata da abin da ya kawo ni. Ya kira mutane ya maimaita musu, aka yi ta dariya, aka kawo mini shinkafa da kifi. Sannan ya kai ni. Rijiyar tana tsakiyar gari, gaba biyu kacal, an jera mata zoben siminti. Daga bakinta ina hango teku ta gabas, in juya ina hango ta ta yamma. Wata mata ta miƙo mini kofi. Na kurɓa na riƙe a baki kamar yadda muke yi, ina jiran zartsi. Babu. Ruwa garai, ya fi na unguwar Hausari ta garinmu daɗi. Na samo dogon kara na zura, na yi alama da gawayi, na zauna. Mata suka gama ɗiba suka watse. Can teku ta fara cikowa tana cin yashi, ni ina zura kara ina fitarwa. Shiru, shiru, har na fara shirya abin da zan gaya wa Okon. Sai jiƙon ya wuce gawayin. Yatsa ɗaya, yatsa biyu, har ya kai taƙi guda. Da teku ta janye, bayan wani lokaci shi ma ya bi ta ya sauka. Tsigar jikina ta tashi. Kwana huɗu ina wannan awo, bai saɓa ba ko sau ɗaya. Na ce Okon, ka yafe ni, duk inda kake.

Yanzu ga abin kunyar, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai uwarku. Lokacin rani ne, ruwan ya yi ƙasa, in teku ta janye sai mata su yi layi suna jira ya taru, suna kwalfar laka da ɓawon kwakwa ɗaure a igiya. Ina zaune ina kallo, raina yana ɓaci. Gaba biyu! A wurinmu wannan ko shara ba a gama ba. Na ce a raina waɗannan bayin Allah masunta ne, ba su san aikin ƙasa ba, gaba ɗaya kawai za a ƙara su huta har abada. A rana ta biyar wata tsohuwa ta jawo rabin ɓawo na laka bayan dogon jira, sai haƙurina ya ƙare. Na hango wani guntun ƙarfe a jikin wani tsohon kwale-kwale, na ɗauko, na tuɓe riga, na dafa zoben da hannu da ƙafa na sauka. Na ɗaga ƙarfen na kafta sau ɗaya, sau biyu. Sai ihu ya ɓarke a sama kamar an ga gobara. Mata suna kururuwa, maza suna gudowa, wani ƙato ya diro ya fizge ƙarfen, aka ciccibo ni waje kamar ɗan akuya. Tsohuwar da na yi don ita har da kai mini duka da ɓawon.

Pa Alimami ya zo ya tsawatar. Bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka kawo kwano da ruwan teku, ya zuba manja a kai, manjan ya kwanta a sama. Ya nuna manjan, ya nuna rijiyar.

"Swit wata," ya ce, wato ruwa mai daɗi. Ya nuna na ƙasan, ya nuna teku. "Sol wata," ruwan gishiri ke nan.

Sannan ya soka yatsa ya huda manjan, ruwan gishirin ya ɓullo. Ya kama hannuna ya kai ni bayan gari, ga wata rijiya mai kyau, ta fi waccan zurfi da gini, ciyawa ta rufe ta. Ya jawo ya ba ni. Na tofar. Wasu ma'aikata ne daga birni suka zo da niyyar alheri irin tawa, suka ƙara mata zurfi, ta mutu. Ashe ruwan saman da yake sauka a tsibirin ne yake nitsewa cikin yashi ya kwanta a kan ruwan gishiri, bai gauraya ba, teku tana ɗaga shi tana sauke shi. Duk abin da garin nan yake sha ɗan siririn abu ne da ke shawagi a kan teku, kuma ni, da shekara talatin na gwaninta, saura kaɗan in huda shi. Na tsaya riƙe da gugan ina jin girman Allah da ƙanƙantar kaina. Duk ilimina ƙara zurfi ne. Nan kuwa gwani shi ne wanda ya san inda zai tsaya.

Muna komowa ne na ga laka a gwiwoyina. Na tsaya cak. Na dubi ƙafafuna, na dubi rijiyar. Ashe ɗazu na shiga rijiya. Ba wanda ya lallashe ni, ba tofi, ba ƙwaya, haushin aikin da na ɗauka ba a yi daidai ba ne ya zura ni ciki, har na manta ina tsoro. Na zauna a yashi. Pa Alimami ya ɗauka faɗan ne ya dame ni, yana ta bubbuga kafaɗata.

Bayan kwana biyu suka bar ni in yashe musu ita, bisa sharaɗi: ba ƙarfe, hannu da ɓawon kwakwa kawai, in kwashe laka da ganye, in na taɓa farin yashi in tsaya. Wannan karon da sanina na sauka, kuma tsoron ya zo, ba zan ɓoye ba. Amma ina jin ƙarar teku ta cikin ƙasa, ta jikin zoben, a bayana. Ina cikin aiki ta fara cikowa. Ruwan da yake idon sawuna ya fara hawa a hankali, mai sanyi, ba daga gefe ba, daga ƙasa, kamar wani ne yake ɗago shi da tafin hannu. Na daina kwasa. Na tsaya a ciki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Maina. Na roƙe shi gafarar zagin da na yi masa, da ƙarfi, da Hausa, mutanen sama suna leƙowa ba su san me nake cewa ba.

Na yi ƙoƙarin kiran gida daga garin masunta, na yi daga Monrobiya, na yi daga Abijan. A lokacin an katse layukan waya a jiharmu, kun sani. Sai da na sauka a tashar Potiskum wani ɗan unguwa ya yi mini ta'aziyya, yana zaton na sani. Inna ta rasu kwana goma sha ɗaya bayan fitata, ina wani wuri tsakanin zango da zango. Kai Isa ka nemo likkafani cikin dokar hana fita, kai ka shiga kabarin ka karɓe ta, aikin da yake nawa. Ta ce kada in daɗe, na daɗe. Wannan ba ni da abin cewa a kansa, kuma ba na neman a rage mini. In na ce ban yi baƙin ciki ba na yi ƙarya, har yau yana tashe ni. In kuma na ce da na sani da ban je ba, nan ma na yi ƙarya.

Kwana tara ba ka yi mini magana ba, gaisuwa ma da ka kake yi. A rana ta goma aka zo neman mai yashe wata tsohuwar rijiya a Hausari, gaba goma sha takwas, mai ita ya zo ne don ya rasa kowa. Na ce zan yi. Uwarku ta dube ni, ta dube ka. Ba wanda ya ce maka komai, ka shiga ɗaki ka ɗauko igiyar ka wuce gaba. Na ɗaura ta a ƙugu na fara sauka. Wannan ba gaba biyu ba ce, ba teku a kusa, ba haske. Wajen gaba goma ƙirjina ya ɗaure, hannuna ya fara saki, na ja igiya sau ɗaya. Ta tsaya cak, ko motsi. Na ɗaga kai, can sama ga kanka ya tare rabin hasken.

"Baba," ka ce, "ina riƙe."

Na ja numfashi, na ci gaba da sauka.